Ranar da Layinmu Ya Sa Anko

Ina cikin aji a Samaru, alli a hannuna, wayata ta yi ta ruri a jaka har kunyar yara ta sa na ɗauka. Iya ce, maƙwabciyarmu ta Sabon Gari, Bayarabiya mai injin markaɗe, wadda ta goya ni ina jaririya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ki zo gida. Sun shafa wa bangonmu jan fenti, tun daga bakin titi har coci."

"Su wa?"

"Masu faɗaɗa hanya mana. Babanki na zaune a ƙarƙashinsa, an rasa mai gaya masa."

Ana tashi na faɗa motar Sabon Gari. Da direba ya tsaya lodi a Kwangila na dinga zazzaga masa masifa kamar shi ya yi fentin, har wata tsohuwa ta ce in yi haƙuri, ba gudu ke kai mutum gida ba.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, idanunsa sun tafi a hankali bayan rasuwar mahaifiyarmu. Amma in a layinmu ka gan shi ba za ka ce ba ya gani ba. Ɗakinsa ne na gaba, ƙofarsa na kallon hanya. Da safe zai fito ya ɗora hannu a bango, ya bi shi har wurin injin Iya su yi tsiyarsu, ya wuce shagon mai aski ya ji labarai, ya kai coci a ƙarshen layi, ya dawo shi kaɗai. Ya san inda siminti ya ɓare, ya san inda bango ya yi ciki. Kuskure ne ka kama masa hannu, zai fizge ya tambaye ka ko ya ce maka ya ɓata. Na taɓa ɗauke shi zuwa gidana a Samaru don in huta da zirga-zirga. Ko mako bai yi ba ya daina magana, yana zaune inda aka ajiye shi, ko bayi sai an raka shi. Da kaina na mayar da shi. Saboda haka da na ga jan fentin nan a bango, ni ba bulo da kwano na gani ba. In bangon nan ya tafi, Baba ya zama ɗan zaman ɗaki.

Na durƙusa na gaishe shi, ina ta kame-kamen inda zan faro.

"Kada ki wahalar da kanki," in ji shi. "Hancina lafiyarsa ƙalau. Tun safe nake jin warin fenti, kowa kuma ya zo wucewa sai ya gaishe ni kamar mai zaman makoki."

Da la'asar mutanen layi suka taru a ƙofar Iya, matan coci da matan Islamiyya, teloli, masu gyaran babur, da Malam limamin ƙaramin masallacinmu. Nan na ji sauran zancen. Za a yi taro ranar Asabar a wani zaure can gaba da kasuwa, a nuna zanen sabuwar hanya da magudanar ruwa, a ji ra'ayin jama'a. Amma jama'ar da ake nufi masu takardar fili ne. Mu kuwa kusan duk 'yan haya ne. Mai gidanmu ya rasu tun ina firamare, 'ya'yansa suna Legas, ba na jin sun san ta ina ƙofar gidan take. Su za a tambaya, mu da aka yanke wa cibiya a layin ba mu da baki.

Raina ya ɓaci, na miƙe na ce mu fita kwanmu da kwarkwatarmu, mu rubuta kwalaye, mu cika titi har ƙofar zauren. Samari suka ɗauka da ihu.

Malam ya jira suka lafa. "Malama," ya ce da ni, "a nan kika girma. Me ke faruwa a Sabon Gari in an hango taron mutane sun taso da ihu?"

Na san amsar, shi ya sa na ƙara jin haushi. Babu mai tsayawa ya karanta kwali. Shaguna za su rufe, iyaye su ruga makarantu, kowa ya nufi ɓangaren da nasa suke, kafin a ce wani abu jita-jita ta kai Samaru cewa an fara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Dukanmu mun taɓa kwana da takalmi a ƙafa, kuma ba ma son tuna dalili.

"To sai mu naɗe hannu a rushe mana a ka?" Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata a yi wa dattijo. Baba ya yi gyaran murya, na zauna.

Iya ta kashe injinta, wurin ya yi tsit. "Mutanenmu na cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan," ta ce. "Zuwa kam za mu je. Ina ankon bikin autata? Waye a layin nan bai ɗinka ba?"

Babu. Atamfa ce ruwan goro mai zanen ganye, bara waccan kowa ya saya, mata riga da zane, maza 'yar shara, Malam ma an ɗinka masa hula da ita yana ta ƙorafi.

"Ku fito da ita ku goge. Babu mai rufe shago don ya ga 'yan biki."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Malam ya kafa sharuɗɗa: babu kwali, babu sanda ko da ta rake ce, mata a gaba, samari a tsakiya inda za a sa musu ido. Kuma ko sama za ta faɗo, kada wanda ya yi gudu.

Na roƙi Baba ya zauna a gida. Ya ce ɗakin wa aka shafa wa fenti, nawa ko nasa? Ya yarda ya dafa kafaɗata, don wajen layi ba bangonsa ba ne.

Ranar Asabar hadari ya haɗo amma bai sauka ba, gari ya yi dumm. Muka fito da hantsi, tafiyar hawainiya. Zanena ya matse ni, na yi ƙiba tun bayan bikin, Iya kuwa ba ta bar ni na manta ba. Da farko abin ya tafi yadda ta faɗa. Masu keke suna kauce mana, mai tsire yana tambayar 'yar wa aka aurar ba a gayyace shi ba, wata mai sayar da gwanjo ta yi mana kirari da broka. Baba na biye da ni, hannunsa a kafaɗata.

Mun kusa bakin kasuwa tayar wata motar kaya ta fashe. Ƙarar ta yi kama da abin da duk muke tsoro.

Wani ɗan dako ya yar da buhu ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Shi ke nan. Ƙofar shago ta farko ta sauko garam, ta biyu ta bi ta, ta uku, har ƙarar ta zama ɗaya. Mata suna kwashe tumatir a zane. Wani yana ihu yana kiran sunan ɗansa. Mutanen da suka gama yi mana murmushi yanzu suna kallonmu, taro guda mai kaya iri ɗaya, kuma na ga tambayar a idanunsu: su waye waɗannan, na wane ɓangare ne? A bayana samarinmu suka fara turereniya. Daga can gaba motar 'yan sanda ta juyo ta tare hanya, biyu suka diro da bindigogi.

Wallahi ƙafafuna sun riga sun yanke shawarar gudu.

Baba ya matse kafaɗata. "Kada ki ƙara sauri," ya ce. "In kika gudu, ni a nan za a tattake ni."

Na tsaya cak. Ban san me za mu yi ba, Malam ma na ga leɓunansa na motsi kawai.

Sai Iya ta kama hancinta ta rangaɗa guɗa.

Ita fa a Sabon Gari aka haife ta, kuma duk layinmu babu Bahaushiyar da ta kai ta guɗa. Ta ja ta doguwa har muryarta ta karye, ta sake. Matar Malam ta karɓa. Matan coci suka karɓa, ni ma da ban iya ba na saki wani abu mai kama da kukan zakara. Ɗan dakon nan ya tsaya daga nesa yana waige. Wani mai shago ya ɗaga ƙofarsa rabi ya leƙo, ya ja tsaki, ya ɗaga sauran. Babban ɗan sandan ya ƙaraso yana kallonmu sama da ƙasa.

"Ina amaryar?"

"Ranka ya daɗe, babu amarya," in ji Malam. "Taron hanya za mu. Mun sa wannan ne don kada mu tsorata kowa."

Ɗan sandan ya dube mu, ya dubi kasuwar da ke buɗewa a hankali, ya girgiza kai. Ya ce mu wuce, motarsu za ta bi mu a baya. Sai da muka yi nisa na lura gumi ya jiƙa mini riga sharkaf.

A ƙofar zauren mai gadi ya ce sai mai takarda. Ba mu yi musu da shi ba, ko da yake ni na so. Muka zagaye tagogin muka zauna a ƙasa, tsofaffi a kan dakali. Duk wanda ya ɗaga kai daga ciki sai ya ga ruwan goro ta kowace taga, babu mai cewa uffan. 'Yan tsirarun da ke ciki suka kasa ci gaba da taron. Can wani jami'i mai furfura ya fito ya ce a buɗe ƙofa, kowa ya shigo.

Ni aka tura in yi magana, wai ni ce malama. Na faɗi abin da ke raina, har da wanda ban shirya ba. Na ce ba mu ƙi hanya ba, mu ne muke kwashe ruwa da bokiti duk damina, amma ba a gyara wa mutum gida yana tsaye a waje. Jami'in bai katse ni ba. Ya shimfiɗa zanen ya nuna mana ta inda ruwa ke bi, kuma ban ji daɗin yadda maganarsa ta kama hankali ba. Aka yi ta ja-in-ja har ruwan nan ya sauko, ba a jin kowa sai an ɗaga murya. A ƙarshe aka yarda 'yan haya za su sami wakilai a kwamitin aikin, Iya da Malam. Ba za a taɓa komai ba sai bayan damina. Za a rufe magudanar da siminti a ƙofar kowane gida, rijiyar layi kuma za a kauce mata. Mutanenmu suka hau tafi.

Na ce, "Bangon gaba fa?"

Ya sake duba zanen, ya daɗe. "Malama, wannan kam ba yadda zan yi. Nan ne tsakiyar magudanar."

Na juya wajen Baba. Yana zaune ya haɗa hannuwa a kan gwiwa. A hanyar dawowa kowa na murna, ana tsokanar juna kan wanda ya fi jin tsoro a bakin kasuwa. Ni kuwa zuciyata baƙi ƙirin, ga haushin kaina da na kasa taya su murna.

Bayan damina aka yi aikin, kuma sun cika abin da suka ce. Iya ta tsaya a kansu har sai da aka rufe magudanar yadda aka yi alkawari. Hanya ta yi fes, ruwa ya daina shiga ɗakuna, babura suna sheƙa gudu a kan sabuwar kwalta. Ɗakin gaba ya tafi tare da bangon, Baba ya koma ɗakin baya. Injin Iya ya koma tsallaken titi, mai aski ya tashi zuwa Dogarawa.

Asabar ta farko bayan an gama na zo daga Samaru da sassafe. Ina shara a tsakar gida na ga ya fito, ya sa rigarsa ta fita, ya lalubi hanya har sabuwar ƙofa. Na ajiye tsintsiya na bi shi a hankali, ban yi magana ba, don na san halinsa. Ya miƙa hannu dama, babu komai. Ya taka gaba kaɗan ya sake miƙawa. Wani babur ya wuce da gudu har iskar ta kaɗa masa riga. Ya ja da baya ya tsaya, ya daɗe a tsaye, yana jin ƙarar injin Iya daga inda ba nan ya san ta ba.

"'Yar nan, kina kusa?"

"Ina nan, Baba."

"Zo ki kama hannuna," ya ce. "Ki kai ni wurin Iya."

Na kama, bai fizge ba. Hawaye na zuba mini, na yi shiru don kada ya ji a muryata, muka tsaya a bakin kwalta muna jiran babura su rage.