Baƙon Amurka da waƙar mahaifiyarsa

Akwai wata safiya a Makka da ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina. A shekarun sittin ne, ban daɗe da aure ba, ina ɗinki a unguwar Mansur, a ƙasan gidan kawuna. Shi kuma Kawu, in aikin hajji ya zo, yakan ba alhazai hayar ɗakunan sama.

A shekarar aka kawo mana wani baƙo, baƙi wuluk, dogo, da tabo a goshi. Na ɗauka Bazabarme ne, na gaishe shi da Hausa, sai murmushi kawai ya yi. Ashe daga Amurka yake. Ni a lokacin ban ma san akwai irinmu a can ba. Da yake na taɓa aiki a kantin Turawa a Kano kafin mu biyo ta Sudan, ina ɗan tsintar Turanci, sai na zama bakinsa. Na dame shi da tambaya kuwa, shi ma ya dame ni.

Ana gab da fita Mina, da hantsi, yana wanki a saman soro, sai muka ji yana rera wata waƙa a hankali. Muryar na sauka can ƙasa, ta taso kamar mai kuka, amma ba kukan ba ne. Na tsayar da keke ina saurare. Sai ga maƙwabcinmu, wani mai sayar da turare da ya zauna a Chadi, ya faɗo gidan.

"Alhaji, ka san abin da ke gidanka?" ya ce wa Kawu. "Waƙar coci ce wannan, wallahi na san irinta. Kirista ka ajiye a Makka! In ba ka kira shurɗa ba, ni zan kira."

In 'yan sanda suka shigo, baƙon ya rasa Arfa ke nan, Kawu ma ba zai sha ba. Amma Kawu bai ko ajiye kofin shayinsa ba. Ya dube ni ya ce, "Kira shi. A ji daga bakinsa."

Ya sauko hannunsa da kumfa. Da na faɗa masa, sai ya zauna a ƙasa. Ya ce e, waƙar coci ce, ta mahaifiyarsa. Shi ya musulunta, ita kuwa tana nan kan addininta. Ya yi shahada a gabanmu, ya karanta Fatiha da Larabcinsa mai tsami.

Ni dai ban iya haƙuri ba. Na ce, "Hajji, me waƙar ke cewa?"

Ya ce a garinsu ƙofar baƙaƙe daban, ta farare daban, har wurin shan ruwa. Waƙar tana tambayar Ubangiji ne ko gidansa ma yana da ƙofar baya. A coci suke somawa, su fito titi suna rerawa, ba sanda ba dutse, har a zo a tarwatsa su. Ya taɓa goshinsa ya ce a nan ya samo wannan, yana kare tsohuwar. Jiya kuma a Harami wani fari tas ya matsa masa wuri a sahu, ya riƙe hannunsa. Tun daga nan yake tunaninta, da ma ta gani.

Na fassara masu. Sai Kawu ya ce, "Faɗa masa kada ya tafi da rabin labari. A Harami haka ne. Amma in na je gidan burodi, ni ne na ƙarshe da ake miƙa wa, wai takruni, sunan da suke kiranmu baƙaƙe. Da furfurata yaro ya taɓa kirana bawa." Sai ya juya ga mai turare. "Kai ba a taɓa kiranka ba?"

Mai turare ya sunkuyar da kai. "An kira ni."

"To halas, magana ta ƙare. Baƙona ne. Ya dai rage murya, don ba kowa zai tsaya tambaya ba."

Tare muka hau Arfa da shi, mai turaren ne ma ya riƙe masa laima. Bayan hajji ya tafi, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Na girma ina ganin duk abin da ya fito daga coci ba ruwana da shi. Ranar na gane cewa wata tsohuwa a ƙarshen duniya, da addininta daban, ta daɗe tana kai ƙarar abin da mu muke haɗiyewa mu yi shiru. Shi ya sa har yau in na ji baƙon sauti a bakin mutum, ba na saurin yanke masa hukunci. Sai in matsa kusa, in tambaye shi me yake cewa.