Ranar da Baffa Ya Zo Daga Ruma

Da 'yan bindiga suka matsa wa Ruma, Baffa, ƙanin mahaifina, ya kawo 'yarsa gidanmu a Batsari don ta ci gaba da karatu. Ƙanwata nake ce mata, ko da yake ajinmu ɗaya a sakandare. In an tashi makaranta, ni in taya Inna suyar awara, ita ta ɗauki bokiti ta kai tasha.

Baba mahauci ne. Wata safiya ya shigo da kayan ciki a faranti, ƙanwata ta toshe hanci ta ruga bayan ɗaki tana amai. Inna ta bi ta da ido. Sai da Baba ya fita ta ja ta ɗaki ta tura ƙofa. Daga bakin murhu na ji tana cewa, "Ɗaga hijabin nan in gani." Sai na ji ta saki salati.

Cikin na wani ɗan acaɓa ne da ke rage mata hanya daga tasha. Da labari ya kai masa, ya tattara ya bar garin.

Nan da nan magana ta cika unguwa. Matan da ke aiko sayen awara suka daina, har Inna ta kife kaskon. Mai neman yayata ya ɗauke ƙafa. A aji kuwa, duk bencin da na zauna sai a matsa a bar ni.

Ranar kasuwa Baffa ya iso. Bai amsa gaisuwar kowa ba, ya zare igiyar da yake ɗaure kaya a babur ya ce, "Ina take?"

Ƙanwata na bayana a cikin ɗaki, ta damƙe mini zane. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin.

"Yaya, ba ni hanya. Amana na ba ka."

"Ka ba ni, kuma na gaza. In duka ne, da ni za ka fara."

Suka daɗe suna kallon juna. Can Baffa ya saki igiyar, ya durƙusa ya rufe fuska da hula. Da ya ɗago sai ya nuna ni ya ce, "To ita ma wannan a cire ta daga bokon, tun kafin a sake."

Na ga Baba ya sunkuyar da kai. Inna, wadda ban taɓa jin ta sa baki a maganar maza ba, ta ce daga bayan labule, "Malam, ba a aji aka same ta ba. A tasha ne, kuma ni na ɗora mata tallan."

Washegari na sa kayan makaranta na wuce ta gaban Baba. Bai hana ni ba.

An kai ƙanwata ƙauyen Tsaskiya wajen goggonmu. Da damina naƙuda ta zo mata, hanya ta ɓaci, aka ɗauko ta a babur cikin laka zuwa asibitin Safana. Ta sha wuya, amma ta rayu, ita da 'yarta. Yanzu aikin gonar mutane take yi da goyo a baya. Har yau Baffa bai je ya ga jikarsa ba.