Ƙanzon da Inna Ta Tara wa Lawali

Inna, mahaifiyar babanmu, ba ta taɓa ƙarasa tatsuniya ba. Da damina, idan an idar da sallar isha'i a ƙauyenmu na wajen Kucheri, mukan tsuguna a ɗakin girkinta, masara na gasuwa a bakin murhu, hayaƙi na sa mu hawaye. Sai ta ja labari har inda ya yi daɗi, ta tsaya cak, ta buga muciya a gefen tukunya ta ce, "To, mi za a yi?" Wanda amsarsa ta gamsar da ita, shi ke cin ƙanzon tuwo.

Wana Lawali ke lashewa kullum. Ni kuwa sai dai in haɗiye yawu in ce son kai ne, don Inna "maigidana" take kiransa, irin wasan kaka da jika. Amma ko ni mai ƙorafin na san kansa yana ja.

Yana ƙaramar sakandare a Tsafe malamai suka zaɓe shi zuwa bitar haziƙan ɗalibai da ake yi a Gusau lokacin dogon hutu. Can ake koya musu lissafi mai zurfi da kimiyya, wanda ya yi fice kuma a kai shi makarantar kwana. Baba ya ce ba inda za shi, ga maimai a gona, ga tari ya sa Inna gaba. Lawali ma ya ce ba zai tafi ya bar ta ba.

"Ku bar shi shi tahi," in ji Inna. "Tarin ga ya girme shi, ba yau munka saba ba."

Ana gobe zai tafi ta ba mu labarin wani manomi. An yi shekarar yunwa, rumbunsa ya ƙare, saura damin gero guda, zaɓaɓɓun zangarniyu da ya rataye don iri. 'Ya'yansa na kuka, uwarsa tsohuwa ta fara kwanciya. Idan ya sauke damin aka daka, za su ci su miƙe, amma ruwa zai sauka ba abin shuka. Idan ya bar shi a rataye, tsohuwar ba lalle ta ga damina ba. Nan Inna ta buga muciya.

Lawali ya yi ta juya maganar har masararsa ta ƙone. Ban taɓa ganin ya rasa amsa ba sai ranar.

"Tahi da tatsuniyar Gusau, maigida," ta ce. "In ka samo, ƙanzonka na nan."

Kullum sai ta kankare tukunya ta shanya ƙanzon, ta zuba masa a wata ƙwarya, ni ko ɓarɓashi ba ta ba ni. Da jiki ya ƙi, ni na koma kankarewa, tana kwance tana sa mini ido kada in taɓa. Baba ya ce zai aika mai babur ya ɗauko Lawali. Ta kama bakin rigarsa.

"Wanda duk yak kira shi ban yahe ba. Ku bari shi gama."

Ta rasu ana saura kaɗan a tashi bitar. Baba ya bi maganarta, bai aika ba.

Ina tsakar gida na ji muryar Lawali tun daga ƙofa, yana cewa, "Inna, na samo." Sai ya ga tabarmi a zaure da maza zazzaune. Ni na miƙa masa ƙwaryar. Ya riƙe ta ya daɗe, bai ci ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Ya samu makarantar kwanan, yanzu likita ne a Gusau. Ni ina koyarwa a Bungudu, kuma ni ke zaɓar yaran da za su irin wannan bita daga makarantarmu. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa Inna ta amsa tatsuniyarta da kanta, ta bar iri a rataye, kuma ga shi ya yi yabanya. Bara da damina na faɗa wa Lawali haka, ina tsammanin zai ji sanyi.

"Amsar da na zo da ita ke nan, Rabi," ya ce. "A bar irin. Na faɗa a gaban malamai, har tafa mini aka yi." Ya sunkuyar da kai. "Amma ba wanda ya tambayi irin. Da an tambaye ni, da na zo na ga fuskarta."

Ban daina tura yara ba, don na ga amfanin abin da idona. Sai dai yanzu kafin in zaɓi yaro, nakan zaunar da shi in tambaye shi wa zai bari a gida, kuma lafiyarsa ƙalau? Lawali kuwa har yau ba ya cin ƙanzo.