Wa Zai Dafa wa Hajo Ruwan Jego?

Abin nan ya faru ne kafin mutuwar shanu, lokacin da Fulanin bakin rafinmu ke da garken da ido ba ya ganin ƙarshensa. Rijiyar ƙofar gidan liman ba ta rufta ba tukuna, ni kuwa a shekarar ce haƙorana na gaba suka zube. Allona bai yi nisa ba, amma ko yau a tara matan Gozaki kaf, babu wadda za ta gyara mini zancen nan, don a gabana aka yi shi.

A gidanmu, da an gama girbi an kai dawa rumbu, to hira ta koma ƙofar ɗakin Iya Falmata, uwar babanmu. Ana cin tuwo bayan magariba sai a hura wutar kara, kowace mace ta jawo taskirarta ta auduga da mazari. Mu yara a ba mu gurzar angurya, muna yi muna gyangyaɗi. Iya ba 'yar ƙasar nan ba ce. Kakanmu ya je fataucin kanwa Barno ya dawo da ita tana amarya, da tsagenta har haɓa. Har ta mutu Hausarta da ɗan karkata, mu jikoki muna kwaikwayonta, tana jifanmu da ɓawon gyaɗa.

A wannan shekarar gidan ba daɗi. Yayata Hajo ta yi aure da Isiyaku, wani farke mai jakai, shi kuma ya ce ya gaji da kai da komowa, zai je Gwanja ya zauna a zangon Hausawa inda goro yake. Bai tilasta mata ba. Ya ce in iyayenta sun yarda ta bi shi, in ba su yarda ba ta zauna, yana leƙowa in ayari ya zo. Hajo tana son tafiya. Baba ya ce shi ya bar wa mata zancen. Saura Inna.

To Hajo 'yar fari ce. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce kada ki tafi. Sai ta bi ta bayan gida. Ni na ji ta da rana tana yi wa Iya raɗa a gindin turmi.

"Iya, yau ki yi wa yaran nan wadda za ta tsorata mai son yawo."

"Wace mai son yawo?"

"Kin san waccan."

Da aka hura wuta, Iya ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofa, ta yi tafiya ta gaji." Mu ce, "A ba ta tabarma."

Ta ce an yi wata mata, Daso, ta bi mijinta wata ƙasa can kudu inda ruwan sama ba ya jin a bari. Ta tafi da goran irin dawa na gidan ubanta. Tana isa ta shuka a lokacin da ake shuka a garinsu. Wata tsohuwar maƙwabciya, wadda ba su jin maganar juna, ta zo ta girgiza kai, ta miƙo mata kan doya. Daso ta ture, ta ce su ba su cin saiwa kamar gafiya. Dawa ta tashi ta fi ɗaki tsawo, ta fitar da kai ruwa na tsakiyar zuba, kai ya yi baƙi ya ruɓe a tsaye. Shekara ta juyo ta sake, aka sake. Ta rame. In ta je kasuwa ta buɗe baki, yara su kwashe da dariya. Uwarta ta rasu a gida, labari bai same ta ba sai da ciyawa ta rufe kabarin.

Inna ta ce, tana duban wuta, "Allah sarki. Ga abin da yawo ke jawowa."

Hajo ta sunkuyar da kai, zarenta ya tsinke.

Iya ta ce, "Baƙuwata ba ta tashi daga tabarma ba, kike naɗewa?"

Ta ci gaba. Yunwa ta kai Daso ƙofar tsohuwar nan, ta durƙusa. Tsohuwa ta koya mata tara ƙasa a binne doya, ta koya mata daka sakwara. Ta kuma nuna mata da hannu cewa ta jinkirta dawarta, ta shuka 'yar kaɗan a bayan ɗaki yadda za ta nuna bayan ruwa ya ɗauke. Ita kuma Daso ta zauna da mazarinta. Matan ƙasar ba su taɓa ganin zare mai laushin nata ba, suka riƙa zuwa da kaji da manja. Ta yi rumbun doya, ta yi awaki, ran salla kuma ta dama kunun dawar gidan ubanta ta aika wa tsohuwa.

"'Ya'yanta fa?" in ji Inna. Yanzu ta ajiye mazarin. "Da wane baki za su gaishe ta?"

"Da bakin can, rabi da rabi. Wannan kam akwai ciwo, ba zan ɓoye miki ba."

"To, Iya, bar doya, bar zare. Ran da ciki ya tsufa, gidan wa za ta je? Wa zai sara itace, wa zai dafa mata ruwa safe da yamma har ta yi arba'in? Wa zai dama mata kunun kanwa? Haihuwar fari a hannun waɗanda ba su san sunan ubanta ba!"

Kowa ya san ba Daso ake nufi ba.

Iya ta juya wuta da kara. Sannan ta ce, "Ni da na zo garin nan, kalmar ruwa kawai na iya faɗa da Hausa. Na kai wata ina kuka a kan tuwonku, don miyar ba ta gidanmu ba ce. Da cikin da na haifi mijinki ya tsufa, Barno tana inda take. Wata mata ta leƙo ta kan danga, ba dangin iya ba na baba, ta ga ina naƙuda ni kaɗai. Ita ta yanke cibi. Ita ta kwana arba'in tana dafa mini ruwa, tana watsa mini da ganye ina ihu da Barbarci, tana zagina da Hausa. Wace ce?"

Inna ta kau da kai.

"Na ce wace ce?"

"Innata ce."

"Kin sani ashe. Jaririn da ta wanke, shi ta ba ki. Can ma akwai danga, kuma akwai mai leƙowa."

Ba a rufe tatsuniyar ba a ranar. Inna ta tattara taskirarta ta shige ɗaki.

Ran da ayari zai tashi, tun da asuba na ga Inna a bakin rumbu tana zaɓen kan dawa. Ta cika ɗan gora, ta toshe da tsumma, ta ɗaura mazarinta na kanta a wuyansa. Ba ta miƙa wa Hajo ba. Ni ta ba, ta ce da bango, "A gaya wa waccan, kada ta shuka sai ta tambayi mutanen wurin."

Inna da Hajo ba su sake ganin juna ba. Wannan shi ne abin da tafiyar ta ci, kuma na daɗe ina jin haushin Iya a kansa. Sai da na aurar da 'ya'yana, wata rana wani dogon saurayi ya yi sallama a zaurenmu da huhun goro. Hausarsa a karkace, sak irin ta Iya. Ɗan Hajo ne. Ya ce uwarsa tana da gida da masu yi mata kaɗi, baƙin da suka sauka zango a wurinta suke cin tuwon farko. Na ce, "Kai, wa ya wanke ka da aka haife ka?" Ya ce wata tsohuwa ce mai sayar da manja, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, kuma sunanta aka sa wa ƙanwarsa. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na dama masa fura. Tun daga ranar, duk baƙuwar da aka kawo unguwar nan, Banufiya ce ko Bagwariya, ni ke fara leƙa ta, kuma ba a yi wankan jegon da ya fi nawa zafi ba.

Cikin waɗanda suka zauna a bakin wutar nan, Iya ta tafi, Inna ta tafi, matan baffannina duk sun tafi. Saura ƙanena Audu da ke Tsiga, shi kuwa barci yake a cinyar Inna, bai ji komai ba. Sai ni. Sai Hajo, wadda fataken bana suka ce sun baro ta da ranta, ba haƙori ko ɗaya, tana haɗiyar sakwara, da 'yar dawarta a bayan ɗaki.