Ƙarar da Adda Rabi kaɗai take ji

Daminar bana ta cika shekara talatin da rasuwar yayata Rabi, wadda muke kira Adda. Na jima ina kauce wa rubutu a kanta, domin ba zan iya ba da labarinta ba tare da na faɗi laifina ba.

A Ruwan Bago ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku. Wajen ƙarshen shekarun tamanin tarin fuka ya kama ta, aka yi mata allura kullum har tsawon watanni. Tari ya warke, muka gode wa Allah. Ba a jima ba ta fara juyowa tsakiyar hira tana tambaya ko ba mu ji kukan gyare ba. Babu mai jin komai. Sai jinta ya fara raguwa, jiri ya riƙa kwasarta, har wata rana ta faɗi a bakin rijiya.

Dangin mijinta suka ce iska ce ta taɓa ta. Ba mugayen mutane ba ne, tsoro ne ya kama su. Aka hana ta rijiya da kasuwar Rogo, aka hana ta daka, aka ware mata ɗaki a ƙarshen gida, ana kai mata rubutu da turare. Ita kuwa roƙonta ɗaya, a bar ta ta zauna kusa da turmi, domin bugun taɓarya yana danne abin da take ji. Shirun ɗakin nan shi ne azabarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wa zai saurari wadda aka riga aka ce ba ta cikin hayyacinta?

A lokacin ina koyar da kimiyya a Karaye. Duk shekara nakan zana kunne a allo, in bayyana wa ɗalibai cewa sauti girgizar iska ce da ke bugun dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa ta ga wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa da siraran gashi, su kuma su aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. Wani abokina ma'aikacin jinya ya gaya mini cewa irin allurar nan takan kashe gashin nan a wasu mutane, kuma ba ya sake tsirowa. Idan ƙwaƙwalwa ta daina samun sauti, sai ta ƙirƙiro nata. Jirin ma daga can cikin kunnen yake.

Wata Asabar na je na same ta, na zana mata duk wannan da yatsa a daɓen ɗakin, ina ɗaga murya a kunnenta na hagu da ke da sauran ji. Ta daɗe tana kallon zanen.

"Ashe ba hauka nake yi ba, Buba?"

Na ce ko kusa.

"To ka gaya musu. Kai za su ji ka."

Na gaya wa wan mijinta, Alhaji Jauro, sau ɗaya tak. Ya saurare ni cikin mutunci, sannan ya ce boko da iyakarsa, kuma kunne ya girmi kaka, sun ji irin wannan tun ba a haife ni ba. Na sunkuyar da kai na yi godiya. Na ji kunyar musu da surukai, na ji tsoron a ce karatu ya sa na raina manya. Duk zuwan da na yi bayan nan takan dubi fuskata, ni kuma in kau da kai in miƙa mata tsaraba. Shekara bakwai ta yi a ɗakin, har zazzaɓi ya ɗauke ta.

Yau nakan ga samari a tashar Karaye sun toshe kunnuwa da abin jin waƙa har na gefe yana jiyowa, sai in tambayi kaina me Adda za ta ce. Ina jin ba faɗa za ta yi ba, mamaki za ta yi na mai lafiya da ke cusa wa kansa ƙara da hannunsa. A birni kuma yanzu ana gwada kunne, ana saka na'urar ƙara ji. Ban sani ba ko za ta yi mata amfani. Abin da na sani, buɗe ƙofar ɗakin nan bai buƙaci na'ura ba.

Ba ta bar gona ko shanu ba, ta bar Hansatu, babbar 'yarta, wadda ta girma tana miƙa wa uwarta abinci daga bakin ƙofa. Bara uwar mijinta a garin Fulatan ta fara cewa tana jin ƙugi a ka, mutanen gida suka fara raɗe-raɗi. Hansatu ta tsaya gaban maza biyar, dukansu sun girme ta, ta ce ba za a rufe tsohuwar ba muddin tana raye. Washegari ta saka ta a mota zuwa asibiti. Abin da ya gagare ni da takardar shaidata, ita ta yi shi ba tare da ta taɓa shiga aji ba.

Allah Ya ba Adda natsuwar da ta rasa a duniya, ni kuma Ya yafe mini shirun da na yi.