Wankan Ƙanƙara a Dutsen Shafa

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Kudai a Makka, ranar Juma'ar da ta wuce. Mu huɗu ne a motar: ni, da direbanmu mutumin Maraɗi, da wani tela Bakano, sai dattijonmu haifaffen unguwar Tandabawi ta nan Makka, wanda kowa ke ce wa Ammu. Mun tsaya wajen mai tanda muka sayi tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, burodin riyal ɗaya ɗaya, muka kama hanyar Ɗa'if.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba, a daminar bara kwale-kwale ya kife da mata masu zuwa kasuwa a mashigin ƙauyenmu, can ƙasar Yawuri. Cikin waɗanda ba a fitar da rai ba har da matar yayana. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke sanye da rigar ceto. 'Yar Ammu ce ta ga Turawa a waya suna faɗawa ruwan ƙanƙara don tara taimako, ta ce me zai hana mu gwada. A zauren zumuntarmu na waya aka yi ta dariya, daga baya mutane suka yi alkawari: duk mutum ɗaya da ya shiga ruwan, kowa zai ƙara abin da zai aika wa kwamitin ƙauye a sayi riguna. To a Makka ina za ka sami ruwan sanyi? Na famfo ma da zafinsa yake zuwa. Shi ya sa muka kama wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, mai wurin ninƙaya a Shafa, can saman dutse gaba da Ɗa'if.

Hanyar Hada, wadda ke hawa dutse zuwa Ɗa'if, sai wanda ya bi ta. Kwana a kan kwana, mota na nishi, kunnuwa na toshewa. Birai sun jeru a kan katangar gefen titi suna jiran a jefa musu ayaba, wani har da miƙa hannu kamar an ba shi ajiya. Muna kaiwa sama gajimare ya sauko ya rufe hanya, direba ya kunna fitila da hantsi. Muka tsaya wajen masu shayin gawayi. Masara gasasshiya riyal biyar, wadda a garinmu maƙwabci zai karyo maka a gona kyauta. Na saya duk da haka. Ƙamshinta kawai nake so.

Shekarata bakwai a Makka ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma tun da na zo ban koma gida ba. Ni ɗan masunta ne. Kafin in iya karatun allo na iya ninƙaya. A shekarun nan bakwai ban shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba, ko tekun Jidda daga cikin mota na hango shi. Mahaifina ya rasu a shekarata ta uku a nan, ta waya aka gaya mini ina saman wani bene da sukurdireba a hannu.

Bayan mun yi Juma'a a Ɗa'if tela ya dage sai mun sayi ƙanƙara, wai kada 'yan zumunta su ce mun yi ha'inci. Muka loda buhu shida a bayan mota. Mai gadin istirahar, wani Basudane, ya tsaya yana kallonmu muna juye ta a ruwa. Ya ce tun shigowar sanyi babu wanda ya taɓa ruwan nan ko da yatsa, ya koma ɗakinsa yana girgiza kai.

Direba ya riƙe waya yana ɗauka. Tela, wanda tun daga Kudai yake cika baki, ya tsoma ƙafa ɗaya ya janye, ya ce bari ya fara nazarin wurin. Ni kuwa na yi bismilla na faɗa.

Na yi zaton na san sanyi tunda shi ne sana'ata. Numfashina ya ɗauke, ƙirjina ya ƙulle, kaina kamar an ɗaure shi da waya. Amma kafin in yi tunani hannuwana sun fara aikinsu, ban sa su ba. Na nutsa har ƙasa na buɗe ido. Ruwan shuɗi ne mai warin magani, ba shi da laka ba shi da kifi, amma nauyinsa a jikina irin na kogin Kwara ne da sassafe, lokacin da nake shiga in kwance ragar da ta maƙale, Baba yana cikin jirgi yana riƙe da igiya. Na daɗe a ƙasa fiye da yadda ya kamata. Da na taso direba ya riga ya ajiye wayar yana shirin cire takalmi.

Sai ga Ammu ya tuɓe jallabiya. Ya haura sittin da biyar, yana da ciwon sukari, kuma 'yarsa ta ja mana kunne cewa kallo kawai zai yi.

Na ce, "Ammu, don Allah ka bari. Na shiga a madadinka."

Ya ce, "La ya waladi, a'a ɗana. Kakana daga wannan bahar ɗin naku, kogin Kwara, ya taso da ƙafa ya zo nan. Ni ban taɓa ganinsa ba. Ka riƙe ni kawai, bas."

Bai iya ruwa ba ko kaɗan. Ya sauko ta tsani a hankali har ruwa ya kai masa ƙirji, haƙoransa na haɗuwa. Na sa hannu ɗaya a ƙirjinsa ɗaya a bayansa, na ce ya saki ƙafafu. Ya saki. Na ji zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna, tsoro ya kama ni, na fara lissafin abin da zan gaya wa 'yarsa. Shi kuwa ya juyo ya tambaye ni ko haka ruwan can yake. Na ce na can ya fi faɗi, ba a hango ɗaya gaɓar sosai, kuma da yamma ja yake zama. Ya rufe ido ya ce in ƙara faɗa masa. Ban ƙara ba, na fitar da shi muka naɗe shi da barguna biyu. Kunya ta sa tela ya toshe hanci ya faɗa, ya fito yana salati, direba ma ya bi bayansa. Mu huɗu cif muka shiga.

Muna shan shayi a bakin wuta na kira Inna, domin ƙanena ya riga ya nuna mata hoton.

Ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka yi cikin ruwa da sanyin ga? Ka gama girma ba ka bar halinka ba."

Na yi mata bayanin rigunan. Ta sa albarka, sannan ta ce jirgin Baba yana nan a kife ƙarƙashin tsamiya, an zo saye sau biyu ta hana. Ba ta ce in dawo ba. Ba ta taɓa cewa ba.

Mun sauko da la'asar sakaliya. Kowace kwana muka sha zafi na ƙaruwa, muna cire riguna ɗaya bayan ɗaya, har fitilun Makka suka bayyana gab da magariba. Ammu ya yi barci tun daga Hada. Mun sauke shi a ƙofar gida lafiya lau, sai atishawa, 'yarsa kuma ba ta amsa gaisuwarmu ba.

Alhamdu lillahi, 'yan zumunta sun cika alkawari, kwamiti ya ce rigunan za su isa mashigi kafin ruwa ya cika. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne na daɗe ina ce wa kaina aiki ne ya hana ni zuwa gida, alhali tsoro nake in isa gaɓar nan in tarar babu Baba. Ranar Asabar da safe, kafin in ɗauki jakar kayan aiki, na shiga ofishin kafil, wato uban gidana mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, na nemi hutu. Ya ce sai bayan aikin Hajji. Na ce na yarda, a rubuta.