Mai Wankin Hula a Layin Rufaffun Shaguna

Da asuba yake fito da hulunan da ya wanke, kowace a kan itacenta, ya jera su su sha rana. Ba a gaban shagonsa kaɗai yake jerawa ba. Yana bin ƙofofin shagunan da aka rufe, kaɗan nan, kaɗan can, ja da shuɗi, har mai hangowa daga titi ya ɗauka kasuwa ce ke ci.

Ban san shi ba, hanyar aikina ce kawai. Na dai ji ana kiransa Babakura. Gajeren dattijo ne, sabulu ya cinye masa hannu, kuma tasa hular ta fi kowace tsufa. Tun da aka ɗauke tashar keke layin ya fara mutuwa. Mutanen ƙaramar hukuma sun zo da rumfa, sun yi jawabi, sun tafi da rumfarsu. Ina jin shi ya gane cewa mai saye ba ya shiga inda ba kowa, kuma in aka daina shiga, shi ma rufewa zai yi.

Yau wata mata ta tsaya gaban wani shago da mabuɗi a hannu.

"Baba, kayanka sun tare min ƙofa."

"Buɗewa za ki yi, ko leƙawa kawai?"

"Buɗewa. Ɗinki zan fara."

"Alhamdu lillahi, kore ni," in ji shi, yana dariya.

Ya kwashe hulunan, ya share mata ƙofar da tsintsiyarsa, ya kai su gaban rufaffen shago na gaba.